Daga Lamba Ashirin da Uku Zuwa Ƙasa

Nafisat ta sake ƙirga mutanen da ke zaune a kan bencinan, ta sake samun ashirin da uku. Takardar da ke hannunta kuwa sunaye sittin da huɗu ne a kanta. Ƙarfe goma ta kusa, rana ta cinye rabin farfajiyar ƙaramin asibitin da gidauniyarsu ta ara a Kazaure. Bencinan baya guda shida babu kowa a kai, sai wata akuya da ta shigo ta kwanta a ƙarƙashin ɗaya.

Sau ɗaya a shekara gidauniyar take kawo likitoci daga Kano su cire wa tsofaffi yanar ido kyauta, kwana biyu kacal, Alhamis da Juma'a. Tun makonni uku da suka wuce aka zagaya Roni da Gwiwa da Babura aka duba idanu, aka ɗebi jini. An gaya wa kowa magana ɗaya: ranar Litinin a sa wani mai waya ya buɗe shafin gidauniyar a intanet. Wanda sunansa ya fito da baƙin rubutu ya zo. Wanda nasa ya fito da ja, gwajin jininsa bai yi kyau ba, kada ya wahalar da kansa, sai baɗi.

Dakta Halliru, shugaban likitocin, ya fito daga ɗakin tiyata da koriyar hula a kansa. Ya dubi bencinan, ya dube ta, ya tambaya ko an sa sunayen a kan lokaci. Ta ce tun Litinin da safe ta sa su da hannunta. Ya ciro wayarsa ya buɗe shafin, ya yi ta ja da yatsa zuwa ƙasa. Can sai yatsan ya tsaya. Ya miƙa mata wayar.

Sunaye ashirin da biyu na farko baƙaƙe ne. Daga na ashirin da uku har ƙarshen shafin, babu suna ɗaya da ba ja ba.

"Mutum nawa ne ja a gaskiya?"

"Uku, Likita."

Ya karɓi wayarsa. Ya ce zai fara da waɗanda suka zo, ita kuma ta san abin da za ta yi. Ya koma ciki.

Nafisat ta tsaya a inda take. Ta san ya kamata gabanta ya faɗi, ko ƙafafunta su yi sanyi, amma babu abin da ya motsa a jikinta. Abin da ta lura da shi kawai shi ne akuyar ta tashi ta koma ƙarƙashin wani bencin.

Mijinta Jalaluddeen ne ya gina shafin shekara huɗu da suka wuce, saboda kiran waya yana ba su wahala: rabin lambobin da ake ba su na maƙwabta ne, rabi kuma a kashe. Da hannu ya rubuta shi, layi bayan layi, ba ado, don ya buɗu ko a ƙauyen da sabis bai da ƙarfi. Ita aikinta sakatariya ce, ta tattara sunaye ta ba shi, shi ya sa. Sau ɗaya ya taɓa zaunar da ita ya nuna mata yadda ake yi, a lokacin tana bai wa 'yarsu Shatu kunu, tana cewa to, to, ba ta ji rabin abin da ya faɗa ba. Ciwon ƙoda ya ɗauke shi wata biyar da suka wuce. Mako uku ke nan da ta fita takaba ta dawo aiki.

Ranar Litinin ta buɗe kwamfutarsa, ta nemo jerin sunayen bara, ta goge tsofaffin ta cusa sababbi. Da ta zo kan na ashirin da uku, wanda sukarinsa ya hau, sai ta kwafo alamar da mijinta ya yi amfani da ita bara wajen mayar da rubutu ja. Da ta gama sunan, sai ta sake kwafo alamar, ta goge kalmar Turancin da ke ciki mai nufin ja ta rubuta baki, don rubutun ya koma yadda yake. Haka ta yi a kan sauran biyun. Ta ɗora shafin, ta buɗe a wayarta, ta ga sunayen sama sun fito daidai, ta kife wayar. Tun rasuwar ba ta cika bin abu har ƙarshensa ba. Abinci ma rabi take ci ta ture.

Ta ɗauki kwamfutar a jaka ta fita titi ta tari adaidaita. Zaharadeen, abokin mijinta tun suna makaranta, yana da shagon buga takardu kusa da tasha. Ta same shi yana fama da injin kwafi, hannunsa duk baƙin tawada. Da ya gan ta sai ya goge hannun a wando ya jawo mata kujera, ya fara doguwar gaisuwa irin wadda kowa yake yi mata yanzu, ana sassauta murya. Ta katse shi, ta buɗe kwamfutar ta juya masa.

Bai ɗauki minti ɗaya ba ya gano. Ya ce kuskure biyu ne suka haɗu. Na farko, duk alamar da aka buɗe sai an rufe ta, kamar ƙofa, ita kuma ta buɗe ja ba ta rufe ba. Burauza, wato manhajar da ke nuna shafi a waya, ba ta yin ƙorafi idan ta tarar da rubutun da bai cika ba. Da a ce tana ƙin nuna duk shafin da ke da kuskure, da rabin intanet bai buɗu ba. Saboda haka aka gina ta a kan ta yi zato ta wuce. Idan ta ga an buɗe ja ba a rufe ba, sai ta ɗauka ana son jan ya ci gaba, ta riƙa sake shafa shi a kan kowane layi da ya biyo, har shafin ya ƙare.

"Amma na ce mata baƙi," in ji Nafisat. "Ga shi nan na rubuta."

"Ba ta jin Hausa, Maman Shatu."

Ya jawo wata takardar da ta lalace a injin ya juya bayanta, ya rubuta harufan guda huɗu. Ya ce idan burauza ta ga sunan launin da ba ta sani ba a irin wannan tsohuwar alamar, nan ma ba ta tsayawa. Sai ta ɗauki kalmar a matsayin lamba. A lissafin kwamfuta harufa shida na farko, daga a zuwa f, lambobi ne, duk harafin da ya wuce nan kuma sai ta mayar da shi sifiri. Ya soke k da i, ya bar b da a. Launi kuwa kashi uku ake auna shi, ja da kore da shuɗi, a jere. Harufan biyu da suka rage sun faɗa a ma'aunin ja, kore da shuɗi suka tashi babu komai. Ya ce da ta rubuta fari ma, ja za ta samu, har ya fi wannan haske.

Ta dubi takardar. Ta tambaye shi ko babu bambanci tsakanin jan gaske da nata. Ya ce akwai, nata ya ɗan fi duhu, amma wa zai gane a fuskar waya da tsakar rana.

Ya sa alamomin rufewa guda uku, ya goge nata guda uku. Yana gangarawa ƙasan rubutun don ya tabbatar babu saura, sai ya tsaya. A can ƙarshe akwai wani layi irin wanda mai gina shafi yake bar wa kansa, wanda ba ya fitowa ga masu karatu. Zaharadeen ya ɗan juyo da kwamfutar wajenta, ya kawar da kansa gefe.

Nafi, idan kin sa ja, ki rufe shi nan take kafin ki shiga suna na gaba.

Ta karanta sau biyu. Zaharadeen yana share ido da bayan hannu, tawada ta ɓata masa kunci. Ta tambaye shi ko shafin ya gyaru. Ya ce ya gyaru. Ta rufe kwamfutar ta yi masa godiya.

Gyaran bai dawo da kowa ba, domin babu wanda zai sake duba shafin da ya riga ya ba shi amsa. Da ta koma asibitin, ita da ma'aikatan jinya biyu suka raba lambobi talatin da tara suka yi ta kira. Goma sha bakwai suka ɗaga. Wasu suka ce gobe da sassafe suna hanya. Wani mutumin Babura ya ce ya riga ya mayar da mahaifinsa wajen ƙanwarsa a tsallaken iyaka, ba zai iya dawo da shi a kwana ɗaya ba. Wata mata a Roni ta saurari bayanin har ƙarshe, ta ce Allah ya kyauta, ta kashe wayar. Nafisat tana faɗin magana ɗaya ga kowa da murya ɗaya, tana sa alama a gefen suna.

A nan ne aka gano ko wane ne cikon mutum ashirin da ukun da ke kan benci. Malam Lawal ne, tsohon tela daga Kanya Babba, mai lamba ashirin da uku, wanda jan sunansa na gaskiya ne. Ba shi da wanda zai duba masa waya, don haka ya shigo mota tun asuba ya zo. Ita aka tura ta gaya masa ba za a taɓa idonsa ba sai sukarinsa ya sauka. Ya ce ba komai, 'yata, ya lalubi sandarsa. Ta raka shi har bakin titi ta sa shi a mota.

Dakta Halliru ya yarda su ƙara aiki har yammacin Juma'a. Shugaban gidauniyar ya ba da ƙaramar bas ɗinsu a je a ɗauko na ɓangaren Gwiwa, mutum shida da wayoyinsu ba su shiga ba. Babu wanda ya yi wa Nafisat faɗa. Ta lura kowa yana kauce wa kallonta, kamar yadda ake yi mata a kwanakin zaman makoki. Ta ce ita za ta bi direban, tunda ta san gidajen.

Sun tashi bayan azahar. Direban, Sama'ilu, dattijo ne mara yawan magana. Gero ya yi tsayi a gefen hanya har ya rufe gidaje, inda kwalta ta ƙare kuma ruwan shekaranjiya ya bar kwatami-kwatami. Gida biyar suka shiga, a kowanne ta tsaya a zaure ta ce an yi kuskure a shafin, sunan baƙi ne. Mutane suka yi ta hamdala, ana neman takalmi, ana ƙulle tufafi a leda. Ba wanda ya tambayi wa ya yi kuskuren.

Gida na shida yana wani ƙauye bayan Gwiwa, sai an tsallake rafi. Kaltume ce, mai lamba hamsin da ɗaya. Nafisat ta tuna ta tun ranar gwaji. Idonta na hagu ya daɗe da mutuwa, na dama ne yanar ido ta rufe, shi ne likita ya ce za a iya cetowa. Da aka tambaye ta me take so ta fara gani, sai ta ce ita ba gani ne ya dame ta ba, so take ta je banɗaki ba tare da an riƙe mata hannu ba.

Ɗanta Sabiru ne ya fito, da fartanya a kafaɗa. Da Nafisat ta faɗi abin da ya kawo su, sai ya sauke fartanyar a hankali ya jingine ta da bango. Ya ce ranar Litinin har Gwiwa ya hau babur don ya samu sabis, ya ga sunan Inna da ja. Da ya dawo ya gaya mata, kwana biyu ba ta ci abin kirki ba. Jiya kuma wani mutum ya biyo ƙauyen da jaka, irin masu soke ido da allura su tura yanar ciki. Inna ta ce a kira shi. An yi mata da hantsi.

Matar Sabiru ta shigar da Nafisat ɗakin. Duhu ne, an toshe taga da buhu. Kaltume tana kwance rigingine a kan tabarma, an ɗaure mata fuska da tsumma. Ta gane muryar tun daga sallama, ta ce yarinyar nan mai rubuta suna ce. Ta ba ta labari da murna: ana gama yi mata jiya ta ga haske, ta ga hannun Sabiru, har ta ƙirga yatsunsa. Yau dai kan yana sara mata, idon kuma yana zafi kamar an zuba barkono, amma mai maganin ya ce haka yake yi. Ta sa wa Nafisat albarka da ta tuna da ita har ta zo dubiya.

Nafisat ta fita ta hau kan wani tudu a bayan gari inda waya ke kamawa, ta kira Dakta Halliru. Ya yi mata tambayoyi uku gajeru. Sannan ya ce zafin nan da ciwon kan ba alamar alheri ba ce, a kawo ta yau. Idan aka kai jibi, mai yiwuwa ba sauran abin da zai iya yi.

Sabiru ya ƙi. Ya ce mai maganin ya gargaɗe su kwana bakwai kada ta ɗaga kai, in ba haka ba yanar ta dawo. Ya ce mutanen asibitin da kansu suka ce ba sa son ta, yanzu da aka samu wanda ya taimaka mata kuma sun zo za su jijjiga ta a mota. Bai ɗaga murya ba. Suna tsaye a tsakar gida, daf da ƙofar ɗakin.

"Likita bai ƙi ta ba," in ji Nafisat. "Jininta lafiya lau yake. Ni na rubuta sunayen, ni na yi kuskuren, kuma ban duba ba."

Sabiru ya juyo gare ta.

"Wato ranar Litinin ɗin nan, sunanta ba ja ba ne?"

"Ba ja ba ne."

Ya sunkuyar da kai, ya taka wani ɓawon gyaɗa da babban yatsa har ya nutse a ƙasa. Ya ce mata ta tafi, don Allah.

Sama'ilu ya yi sallama daga zaure. Ya ce hadari ya haɗu a gabas, idan ruwa ya sauka rafin zai cika, ga tsofaffi biyar a mota tun ɗazu. Nafisat ta fita ta same shi. Ta ce ya tafi da su, ya gaya wa mahaifiyarta ta riƙe Shatu, gobe ya dawo ta nan. Ya dubi fuskarta kamar zai yi musu, sai ya fasa. Ta tsaya har ƙarar motar ta ɓace a cikin gero, sannan ta koma ciki ta zauna a kan turmin da aka kife a bakin ƙofar Kaltume, ta ɗora jakarta a cinya.

Sabiru bai sake korar ta ba. Ya kama ɗaure awaki. Matarsa ta kwashe shanya, ta ajiye wa Nafisat ruwa a kwano. Iska ta taso, garin ya yi duhun hadari tun la'asar ba ta yi sanyi ba. Nafisat ba ta tashi daga kan turmin ba. Tana zaune ne kawai.

Daga cikin ɗakin Kaltume ta kira sunan ɗanta. Muryar ba irin ta ɗazu ba ce, babu murna a cikinta. Bangon ƙasa ne, ƙofar kuma labule, duk abin da aka faɗa a tsakar gida ya shiga kunnenta.

"Yarinyar nan tana nan?"

"Tana nan, Inna."

"Ɗauko mini mayafina."

Ya ce motar ta riga ta tafi. Ta ce ai ba ta ji an sayar da babur ɗinsa ba.

Su biyu suka tallafo ta, shi da matarsa. Sabiru ya turo babur ɗin ƙofar gida, ya girgiza tankin ya saurari mai, ya hau. Aka ɗora Kaltume a bayansa, tsumman yana nan a fuskarta. Sauran wuri kaɗan ne a kan ƙarfen baya. Nafisat ta rataya jakar a wuya, ta tattare hijabinta ta hau.

Sabiru bai waiwayo ba. Ya ce, "Ki riƙe mata kan. Kada ki bari ya motsa."

Ta sa tafukanta biyu a gefen kan tsohuwar. Da zafi, kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Ya tayar da babur ɗin, suka gangara wajen rafin a hankali, ɗigon farko yana sauka a kan hannayenta.